Gwaba, Zobo ko Mangwaro: Da Wanne Za Ki Yi Jam Mai Santsi a Gida?

Duk wadda ta taɓa buɗe waya tana neman yadda ake haɗa jam a gida, da wuya ba ta ci karo da hoton wasu baƙaƙen 'ya'yan itace masu sheƙi ba, waɗanda ake kira balakberi. Da su Turawa suka fi kafa misali in ana zancen jam ɗin da aka raba da 'ya'yan ciki, saboda kowane guda tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kowace ƙwaya kuma da ɗan irinta mai tauri da ke maƙalewa a haƙori. A Ingila da Faransa tsiron ƙaya ne da ke fitowa da kansa a bakin hanya da shingen gonaki, ana tsinkarsa daga Agusta zuwa Satumba. Galibin nau'insa sai ya sha sanyin hunturu irin nasu kafin ya yi abin kirki, don haka kada ki wahalar da kanki nemansa a kasuwar Garwa ko Marwa, balle Kusiri da Njamena. Abin ɗauka a wurinsu dabarar ce: a dafa ya yi laushi, a tace, a auna abin da ya fito, a zuba sukari, a mayar wuta har ya kama. Dabarar nan tana ci a kan abin da ƙasarmu ta arewacin Kamaru ke bayarwa, kuma uku ne suka fi cancantar a ɗora musu tukunya: gwaba, zobo (folerenmu na nan, karkanjin mutanen Cadi), da mangwaro.

Kafin a kai ga wanne ya fi, sai an san abin da ke sa jam ya kama, don a nan ukun suka rabu. Abu uku ke haɗuwa: wani ɗanko da Allah ya halitta a jikin 'ya'yan itace, mai suna fektin, sai tsami, sai sukari. In ɗaya ya yi ƙaranci, komai daɗewar tukunya a wuta, ruwan zaƙi mai kauri za ki samu da ke zurara ta gefen burodi, in kuma kin matsa masa wuta ya zama alewa. Fektin ya fi yawa a ɗan itacen da ya nuna amma da sauran ƙarfinsa, yana raguwa in nuna ta wuce kima. Sukari kuwa ba don zaƙi kaɗai ake sa shi ba, shi ke riƙe ruwan ciki ya hana funfuna samun wurin zama. Jam ɗin da zai jure ajiya sai sukarinsa ya kai wajen kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na nauyinsa bayan an sauke. A garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40 kamar Garwa, wannan lissafi ba na wasa ba ne.

Gwaba ce ta fi cin aiki, ita ce kuma ta fi biya. 'Ya'yan cikinta ƙanana ne, ga yawa ga tauri. Wanda ya taɓa tauna ɗaya da ramin haƙori ya san zancen. Amma fektin ɗinta mai yawa ne, tana kamawa ba sai kin sayo garin fektin a kanti ba, ɗan lemun tsami kawai take nema. Ta fi yawa daga ƙarshen damina zuwa shigowar sanyi, lokacin da za ki ga yara da tire a bakin tasha da ƙofar makarantu. A lokacin take arha, a lokacin kuma tsutsa ta fi addabarta, saboda wani ƙuda da ke huda fatarta ya saka ƙwai a ciki. Kowace ɗaya sai kin tsaga ta biyu kin duba, ba a yi mata kuɗin goro. Wadda ta yi luguf har yatsa na nutsewa ki bar wa masu ci ɗanya. Ki zaɓi wadda ta fara komawa ruwan ɗorawa, ki jefa 'yan kore-kore kaɗan a cikinsu.

Ba a fere ta. A wanke, a cire kai da gindi, a yanka gida huɗu, a zuba a tukunya da ruwan da bai kai ya rufe ta ba, a dafa minti 20 zuwa 30 har ta farfashe in an danna da cokali. Daga nan ainihin aikin ke farawa. Ki ɗora rariyar ƙarfe a kan kwano mai faɗi, ki riƙa zuba ludayi biyu-biyu tun da zafinta, kina murzawa da bayan ludayin kina zagayawa. Da farko ruwa ne zai tsiyaye, can sai ki ga ƙasan rariyar ya tara tsoka mai kauri tana reto ta ƙi faɗuwa. Ki kankare ta da cokali mai tsabta, don ita ce jikin jam ɗin, kuma mutane da yawa a nan suke asara, su wanke ta a bakin famfo ba su sani ba. Idan abin da ya rage a sama ya koma 'ya'ya zalla da ɗan ɓawo, har kina jin ƙararsu ƙurr-ƙurr a jikin ƙarfe, kin gama da wannan zubin, ki juye ki ɗebo wani. Kada ki bari ta huce. Da zarar ta yi sanyi tsokar na daskarewa ta toshe idon rariya, hannu ya gaji aiki bai ci rabi ba.

A kan kilo guda na tatacciyar gwaba ana sa sukari giram 750 zuwa kilo ɗaya, da ruwan lemun tsami cokali biyu ko uku na cin abinci. Tatacciyar ake aunawa, ba wadda kika sayo ba, don abin da ke tsayawa a rariya ba kaɗan ba ne. Mai jan ciki ta fi kyan gani a kwalba. Fara ma ba ta zama fara, tana rinewa ta yi ja-ja-ja mai duhu in ta sha wuta. Aibin da ba ki da maganinsa shi ne ɗan tsaki-tsakin da harshe ke ji ko an tace da kyau. Halittar tsokarta ce, ba datti ba ne, wasu ma ba sa lura da shi. Ƙamshinta kuma mai ƙarfi ne, ranar da kika dafa har maƙwabta sai sun sani.

A nan zan ja kunne kan bilenda. Tana ruɗin mutum da sauri, amma in kika markaɗa gwaba da 'ya'yanta, wuƙar na farfasa su zuwa ƙananan tsinke-tsinke da ke bi ta idon rariya su shige, sai ki yi jam mai yashi a baki wanda ba ya gyaruwa. Injin markaɗe na unguwa ya fi muni, don bayan farfasa 'ya'yan zai haɗa miki da warin attarugu da albasar wadda ta riga ki. In kina son abin ya fito garau har ana hango cokali ta cikinsa, ƙyalle za ki nema: ki juye dafaffiyar gwabar a farin ƙyalle mai tsabta, ki ɗaure ki rataye, ruwan ya ɗiga da kansa ba matsi. Yana da kyau ƙwarai, amma abin da za ki samu kaɗan ne, tsokar duk ta tsaya a ƙyalle, kuma rataya na awanni a lokacin zafi gayyatar ƙuda da tururuwa ce, yana iya fara tsami kafin ki kai ga wuta. Ni dai rariya nake ba wa gaba, ƙyalle sai da sanyin hunturu ko in kyauta za a kai wa wani.

Zobo nasa sauƙin daban ne, domin an riga an yi miki aikin cire iri tun a gona. Abin da muke jiƙawa mu sha shi ne kwanson da ke lulluɓe ƙwallon iri bayan furen ya faɗi, manomi kuma ya ɓare shi kafin ya shanya. Irin ma ba zubarwa ake ba, da shi ake daddawar batso, wadda a yankin Marwa ake kira mbuja. Kwanson nan yana da fektin, yana da tsamin da ya ishe shi har ya yi yawa, don haka ko lemun tsami ba ya buƙata. Busasshe kuma ba shi da lokaci, daga Ngaundare har Kusiri duk watan da kika shiga kasuwa za ki same shi a mudu. Cikin ukun shi kaɗai ne ba ya ruɓewa a hannunki in uzuri ya taso kin ɗaga aikin zuwa jibi.

Sai dai a iya saye. In kin tsaya gaban mai sayarwa, kafin ki taya ki tambaye ta, "Goggo, na bana ne ko na bara?" Ki ɗebi kaɗan ki duba da idonki. Sabo yana da sheƙi, yana lanƙwasa kafin ya karye. Wanda ya kwana biyu ya koma ruwan ƙasa, yana marmashewa a tafin hannu, kuma launinsa a tukunya ba ya fita. Galibi mai duhu sosai ya fi ba da launi, ja mai haske ya fi tsami, haɗa su rabi da rabi ya fi kowanne shi kaɗai. Babban abokin gabarki a nan yashi ne, saboda a ƙasa ko a kan tabarma ake shanya shi. Ki wanke sau biyu ko uku da sauri-sauri, kina tsamo shi daga ruwan da hannu, ba ki tsiyaye ruwan ta kansa ba, don yashin ya zauna a gindin roba. Ki tsince duk ƙwallon iri da ya ɓuya a ciki.

Giram 100 na busasshe ya ishi ruwa lita ɗaya. Ki jiƙa na 'yan awanni, ki dafa a cikin ruwan jiƙon har kwanson ya yi laushin da zai narke tsakanin yatsu biyu. A nan bilenda ta halatta, tunda babu 'ya'yan da za ta farfasa. In babu wuta, rariya da ludayi sun wadatar, kuma aikin bai kai rabin na gwaba ba. Sannan ki auna da kofi: kofin markaɗaɗɗen zobo ɗaya, kofin sukari ɗaya. Yana kamawa da wuri, yana kuma ƙara tauri in ya huce, don haka gara ki sauke da ɗan sauran ruwa-ruwa da ki jira ya yi tamau a tukunya. Citta kaɗan ko kanumfari biyu suna yi masa kyau, in sun wuce haka ya koma magani. Wadda ta samu ɗanyen zobo a watan Nuwamba ko Disamba, lokacin girbi, kada ta zubar da koren ƙwallon: mutanen Ostareliya, da suka daɗe suna jam da wannan tsiro, sukan tafasa ƙwallayen daban su tace, su dafa kwanson a cikin ruwan, saboda fektin ɗin da ke jikinsu.

Abu biyu ke kashe jam ɗin zobo, kuma dukansu daga sabo ne. Na farko kanwa. Mun saba jefa ta a abu mai tsami don ta kwantar da shi, amma a nan tsamin ne ke sa fektin ya kama. Kika sa kanwa, launin zai dushe ya yi baƙi-baƙi marar kyau, jam ɗin kuma ya ƙi daskarewa. Na biyu tukunya. Tukunyarmu ta ƙira ta alminiyam da ta baƙin ƙarfe ba sa shiri da tsami mai ƙarfi, suna ɓata launi su bar ɗanɗanon ƙarfe a baki. Ki nemi ta silba marar tsatsa, ba ta alminiyam ba, mai kaurin gindi, ko ta tangaran wadda ba ta ɓantare ba. Raunin zobo a kan gwaba shi ne ba shi da wannan cikar baki ta ɗan itace, tsami da launi ne ƙarfinsa. Manya na son sa a burodi da shayi ko a kan kindirmo, yara ƙanana kuwa wasu sukan yamutsa fuska.

Mangwaro shi ne wanda kowa ke fara tunani, kuma a ganina shi ne ya fi yaudara. Daga Maris zuwa Mayu yana zuba a gindin bishiya har awaki su ƙoshi, ƙwallonsa ɗaya ne babba, cire shi ba aiki ba ne. To amma ɗan gida mai zare sai ya bi ta rariya shi ma, zaren kuma ya fi 'ya'yan gwaba toshe ido. Mai aure, wanda tsokarsa ke yankuwa sumul, shi ne na jam, shi kuwa ba ya arha kamar wancan. Sannan nunannen mangwaro tsaminsa kaɗan ne, fektin ɗinsa ma bai taka kara ya karya ba. Sai kin tallafe shi: kashi ɗaya cikin huɗu ya zama ɗanye ko wanda ya fara nuna, lemun tsami cokali uku zuwa huɗu a kilo, ki kuma ƙulle 'ya'yan lemun da farin cikin ɓawonsa a ɗan ƙyalle ki jefa a tukunya, ki tsame in an kusa saukewa. Yana tartsatsi yana ƙona hannu, yana kama gindin tukunya da zarar kin juya baya, in ya daɗe kuma launin ya tashi daga ruwan ƙwai ya koma na ƙonannen sukari. Duk wannan a watannin da tsayuwa gaban murhu kanta jarrabawa ce, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas balle a dogara da firij. Tarkonsa mafi girma zaƙinsa ne: uwargida za ta ɗanɗana ta ce ai wannan ba ya son sukari da yawa, ta rage, bayan 'yan kwanaki ta tarar da funfuna a saman kwalba. Kada ya gaza giram 750 a kilo in ajiya ake nufi.

Akwai wasu da za a tambaya. Ɗinya baƙa ce mai kyan launi, amma ƙwallonta ya fi tsokarta, kakanninmu da suka mayar da ita maɗi sun san abin da ta fi dacewa da shi. Tsamiya da garin kwalba da nono, wato na 'ya'yan kuka, sun fi amfani a matsayin masu taimako, a ɗan zuba su inda tsami ya gaza.

Wajen kuɗi, kada arhar ɗan itace ta rufe miki ido. Sukari ne ke cin kuɗin jam, kuma kusan daidai yake a duka ukun, ko na Sosukam, kamfanin sukarin Kamaru, kika saya ko wanda ya shigo ta kan iyaka. Bayansa sai gawayi ko gas, a nan zobo ya fi sauƙi, gwaba na biye, mangwaro ya fi ci. Saboda haka wadda ba ta taɓa yi ba, da zobo za ta fara: in ya ɓaci asarar kaɗan ce, kuma gobe ma akwai shi a kasuwa. Gida mai yara da ke karyawa da burodi kullum, gwaba ce tasu, a yi da yawa a lokacinta a raba a ƙananan kwalabe. Mai niyyar sana'a ba za ta iya gina ciniki a kan abin da ke zuwa wata biyu ya tafi ba, zobo ne zai riƙe mata masu saye duk shekara, gwaba ta zama ta musamman. Mangwaro kuwa na wadda ke da bishiyar mai aure a tsakar gida ne, tana kallo yana zuba ba yadda za ta yi da shi. In saya za ki yi don jam, arha ba ta ado.

Wanda na fi so cikin duka haɗi ne. Ki tafasa zobo cikin tafin hannu biyu a ruwa kaɗan ya yi kauri, ki tace, ki dafa gwabar a cikin wannan ruwan maimakon farin ruwa. Zobo ya ba da tsami da launi, gwaba ta ba da jiki da ƙamshi, lemun tsami ya huta. Wajen Nuwamba ne suka fi haɗuwa, ƙarshen gwaba da farkon sabon zobo.

Ko wanne kika zaɓa, gane lokacin saukewa iri ɗaya ne. Ki narkar da sukarin a wuta kaɗan tukuna, sai kin daina jin tsaki-tsakinsa a ƙasan muciya sannan ki ƙara wuta ya tafasa da ƙarfi. Tukunya mai faɗi, kuma kada zubi ɗaya ya wuce kilo ɗaya da rabi, don mai yawa yana daɗewa fektin ya mutu kafin ruwa ya ƙone. Mai ma'aunin zafi za ta ga ya kama a wajen digiri 104 zuwa 105 a Garwa ko Njamena. A Ngaundare, da ke kan tudu sama da mita 1,000, ruwa na tafasa tun a wajen digiri 96, don haka jam na kamawa a wajen 101. Wadda ta jira 105 a can za ta sauke abu mai tauri. In babu ma'auni, ki ɗebo ruwan randa mai sanyi a kofi, ki ɗiga jam ɗin a ciki. In ya watse ya rina ruwan, da saura. In ya nutse a dunƙule ya zauna a gindin kofi, ki sauke, ki kwashe kumfar sama.

Kwalaben mayonez da na jam ɗin kanti duk suna yi, muddin murfin ƙarfe ne, bai yi tsatsa ba, kuma robar cikinsa lafiya lau. Ki tafasa su minti 10, ki kife su a kan tire mai tsabta su tsane, ki cika da jam ɗin tun yana turiri, ki bar ɗan wuri kamar kaurin yatsa a sama, ki goge baki ki rufe. Wanda za a ajiye watanni, a shimfiɗa ƙyalle a gindin tukunya, a jera kwalaben, ruwan zafi ya rufe su, a sake tafasa minti 10. In sun huce ki danna tsakiyar murfin: wanda ya lotsa ya zauna ya rufu, wanda ke motsi yana ƙas-ƙas shi za a fara ci. A ajiye a ɗaki mai duhu nesa da murhu. Kwalbar da aka buɗe, in babu firij, kada ta wuce mako guda, cokalin da za a sa mata kuma ya zama busasshe, ba wanda aka fito da shi daga kofin shayi ba.